Canon 5D Mark IV ko Nikon D850? Abin da na faɗa wa ɗan yayata a Suk al-Shabi

Makon jiya ɗan yayata ya same ni wajen mai shayi a bakin Suk al-Shabi ta Omdurman. Ko gaisuwa ba mu ƙarasa ba ya miƙo mini wayarsa. Hotunan kyamara biyu ne wani dillali ya turo masa daga Alƙahira, duka na hannu, ɗaya Canon 5D Mark IV, ɗaya Nikon D850. Ya ce, "Kawu, kai ka daɗe cikin harkar nan, ka zaɓar mini. Kuɗin nan sau ɗaya za su fita, in na yi kuskure shi ke nan."

Gaskiya ya faɗa. Kafin ranar 15 ga Afrilun 2023 yana da ɗan situdiyonsa kusa da tashar mota, da rana ya ɗauki fasfo, da dare ya tafi gidan biki. Yaƙi ya zo ya kwashe komai, kamar yadda ya yi wa dubban masu shaguna a Suk al-Shabi ta Omdurman da takwararta ta Khartoum. Abin da ya tsira da shi jaka ɗaya ce, a cikinta akwai adasa guda, wato gilashin idon kyamara, ƙirar Canon mai lamba 50, da batir biyu. Tun da sojoji suka karɓe Khartoum a watan Maris na 2025 mutane ke ta komawa gidajensu, an kuma fara ɗaura aure da raɗin suna. Kuɗin da ke hannunsa yanzu, rabi yayansa ne ya turo daga Jidda ta Bankak, rabi kuma awarwaron mahaifiyarsa ne aka kai wa maƙerin zinare. Ga fam ɗinmu kullum ƙara faɗuwa yake. Dalar da ba ta kai fam 700 ba kafin yaƙi, tuni ta haura 2,000. Mai irin wannan kuɗi ba ya sayen kaya don burgewa.

Na ce masa ya ɗauki Canon. Na faɗa ne kuma ina sane da cewa in aka jera su a takarda Nikon ɗin ce gaba. Da yake na san matasanmu da yawa a Gadarif da Kassala da Kosti da Damazin suna cikin irin wannan lissafi, na ga gara in baje dalilaina a nan, wanda ya fi ni sani ya gyara mini.

Bari mu fara ba Nikon haƙƙinta. D850 ta fito a 2017, shekara ɗaya bayan 5D Mark IV. Tana da megafiksel 45.7, Canon na da 30.4. Wuraren da take kama saiti da su 153 ne, na Canon 61. Batirinta a ma'aunin kamfani yana ɗaukar hoto 1,840 kafin ya mutu, na Canon wajen 900. Labulen cikinta da ke buɗewa ya rufe duk sanda aka danna, an gwada shi har sau 200,000, na Canon 150,000. Allon bayanta yana lanƙwasuwa sama da ƙasa, na Canon a kafe yake. Maɓallanta suna yin haske cikin duhu. In ka ɗauki mutum cikin farar jallabiya da rawani a tsakar rana, ka zo gyara a kwamfuta, Nikon ta fi ba ka damar dawo da abin da inuwa ta cinye. Duk wanda ya ce maka D850 ƙaramar kyamara ce, bai taɓa riƙe ta ba.

To, me ya sa na ce Canon? Saboda tambayar da yaron ya kamata ya yi ita ce, wacce za ta ciyar da ni a wannan gari, da wannan wutar lantarki, da waɗannan abokan sana'a?

Na farko, aikin biki yau rabinsa bidiyo ne. Uwar amarya ba ta barin ka tafi sai ka ɗauko shigowar amarya da daren lalle da rawar ƙawaye suna motsi. A nan Canon ta yi wa Nikon nisa. 5D Mark IV tana da tsarin da kamfanin ya kira Dual Pixel, ka taɓa fuskar amarya a allo, kyamara ta bi ta a hankali duk inda ta juya. D850 kuwa in tana bidiyo saitinta yakan yi ta kai da kawo, hoto ya dushe ya dawo, sai dai ka riƙa murɗawa da hannu. Mai aiki shi kaɗai, cikin cunkoson mata da yara, ba shi da wannan hannun na uku. Na san za a ce ai bidiyon 4K na Nikon ya fi, domin na Canon yana matse hoto, kuma minti ɗaya yana cin kusan gigabait 4. Haka ne. Amma wa ya taɓa tambayar ka 4K a bikin Ingaz ko Mayo? Full HD ake yi, a tura ta WhatsApp, a kalla a waya.

Na biyu, nauyin hoto. Megafiksel 45 ba kyauta yake zuwa ba. Ɗanyen hoto ɗaya na D850 yana kaiwa megabait 50 ko fiye. Ka ɗauki dubu a dare guda, ka cinye gigabait 50. Sai ka zo gida ka zauna gaban tsohuwar kwamfutar da ka aro, wuta kuma sa'a biyu ta zo ta ɗauke. Hoton da za a wanke a ɗan album, ko a manna a fasfo, ko a rataya a falo, megafiksel 30 ta ishe shi har ta yi saura. Daidai ruwa daidai tsaki. Sauran 15 ɗin nan kuɗin rumbun ajiya ne da lokacin jira kawai za ka riƙa biya a kansu.

Na uku, kuma shi ne babba, kyamara ba ita kaɗai take aiki ba. Gangar jiki ce kawai, sai da adasa da batir da caja da fitila. Adasar Canon ba ta hawa Nikon, ta Nikon ba ta hawa Canon. Yaron yana da adasa ɗaya da batir biyu na gidan LP-E6, kuma irin batirin da 5D Mark IV ke ci ke nan, shi ne dai na 5D Mark II da Mark III da 6D da 7D da 60D har zuwa 90D. Na tambaye shi, abokan sana'arka da suka dawo, me suke riƙe da shi? Ya lissafo biyar, huɗu Canon ne. Na ce to magana ta ƙare. Ranar da adasarka ta faɗi ana gobe ɗaurin aure, intanet ba za ta ara maka wata ba, maƙwabcinka ne zai ara maka. Ranar da cajarka ta ƙone saboda wutar janareto, wajensa za ka. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Kuma ku lura, da a ce yaron nan adasar Nikon ya tsira da ita, abokansa kuma 'yan Nikon ne, wallahi da Nikon zan ce ya saya, bidiyon ya koyi murɗawa da hannu.

Akwai kuma batun katin memori. Kowacce tana da rami biyu, kuma wannan alheri ne babba, domin kana iya sa ta rubuta hoto a duka biyun lokaci guda. Biki ba a maimaita shi, in kati ya lalace ba ka da bakin magana gaban iyayen amarya. Canon tana cin SD da CF. Nikon tana cin SD da XQD, kuma XQD ɗin nan tsada gare shi, ga wuyar samu, ga shi sai da na'urar karanta shi ta daban. Da yawa masu D850 sai ka ga rami ɗaya kawai suke amfani da shi, ɗayan fanko.

Batirin Nikon da ya ninka na Canon fa, a ƙasar da wuta ta zama abin marmari? Wannan hujja ce mai ƙarfi, ban raina ta ba. Amsata ita ce batir abu ne da ake ƙarawa da kuɗi kaɗan, a kai shagon mai sola a yi caji. Saitin bidiyo kuwa ba a sayo shi a kasuwa a ƙara.

Wani matashi da ke zaune kusa da mu yana shan jabana ya tsoma baki, ya ce duka biyun tsofaffin yayi ne, duniya ta koma kyamara marar madubi. Bai yi ƙarya ba. Tun 2018 Canon da Nikon suka juya akalarsu can, kuma a ƙarshen 2021 shugaban Canon ya faɗa da bakinsa cewa 1D X Mark III ce ta ƙarshe cikin manyan kyamarorinsu masu madubi. Amma wannan ai shi ya sa muka iya kai hannu gare su. 5D Mark IV da ta fito dala 3,499 aka sa mata, D850 kuma dala 3,299. Yau masu kuɗi a Dubai da Turai suna ta sakin nasu, adasu ma sun sauko. Da tsohuwar zuma ake magani. In Allah Ya buɗa nan gaba ka koma marar madubi, adasunka za su bi ka da ɗan zoben haɗi, a Canon da Nikon duka.

Ya sake cewa, to waya fa? Na ce masa hoton da ya fi kowanne zagaya duniya daga juyin 2019, na Alaa Salah tsaye a kan mota cikin farin tob, da waya Lana Haroun ta ɗauke shi. Ido ke ɗaukar hoto. Amma je ka zauren biki da dare, fitila ɗaya ja ɗaya kore, ka ce wa ango ya biya ka kuɗin aiki da waya a hannunka, ka ga kallon da zai yi maka.

Akwai wurin da zan ce Nikon ba tare da na yi tunani sau biyu ba, kuma wannan ya fi batun yaron damuna. Mu Hausawan Sudan muna da ƙarancin hoton kanmu. Mutanen Atbara suna da Rashid Mahdi, wanda ya bar musu fuskokin iyayensu. Khartoum tana da Gadalla Gubara. Mu fa? Kakanninmu sun taso tun zamanin tafiya hajji a ƙasa, wasu bayan yaƙin Burmi na 1903, suka kafa Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu, suka yi noma a Jazira da Gadarif. Wa ke da hoton Ishash Fallata kafin a tashe ta? A watan Yulin 2022, da aka kashe mana mutane a jihar Blue Nile muka fito zanga-zanga a Khartoum da Kassala da Port Sudan, yawancin abin da aka ɗauka a wayoyi yake, kuma wayoyin nan da yawa yaƙi ya tafi da su. 'Yan hotunan da suka rage suna cikin akwatunan tsofaffi, zafi da gara na cin su. D850 tana da tsari na musamman na juya tsohon nigatif ya koma hoto, da wani ɗan abin riƙewa mai suna ES-2, kuma megafiksel ɗin da na ce sun yi wa mai biki yawa, a nan ne suke da rana, wajen kwafe tsohon hoto da takardar gida da rubutun ajami na malamai. Wannan aiki ya fi ƙarfin aljihun yaro ɗaya. Ƙungiyoyinmu da ke tara kuɗin walima da taron sarauta, su tara su sayi guda ɗaya, a bi gida-gida.

Ga wanda zai saya, ko wacce ya zaɓa, kada ya tura kuɗi a kan hoton WhatsApp. A samu amintacce ya riƙe ta a hannu. A duba sau nawa aka danna ta, domin wadda ta yi 140,000 cikin 150,000 tsohuwar mota ce da sabon fenti. A ɗauki farin bango a ga ko akwai ɗigo a sensa. A gwada ramukan kati duka biyu. Kada a zuba kuɗin duka a gangar jiki, a rage na adasa ɗaya mai zuƙowa irin 24-105, wadda za ta hana ka yawan cirewa da sawa, domin a ƙasar habub duk buɗewa ɗaya ƙura ce ta shiga. A rage na fitila da na rumbun ajiya.

Abu na ƙarshe da na ja masa kunne a kai, 5D Mark IV tana da GPS a cikinta, in a kunne yake tana rubuta inda aka ɗauki kowane hoto. A wannan zamani ka kashe shi. Kada ka ɗaga kyamara kusa da shingen bincike ko gada ko bariki, ka riƙa yawo da shaidar sana'arka. Hoton matan mutane a daren lalle kuma amana ce, ba kayan talla ba ne a Facebook sai da izinin masu shi. Mai hoton da ya ci amana sau ɗaya, ko wace iri ya rataya a wuya, ba gidan da zai sake buɗe masa ƙofa.

Da muka tashi ya biya kuɗin shayi, ya ce, "Kawu, in ta iso kai zan fara ɗauka." Na ce a'a, ka fara da mahaifiyarka, ita ta cire awarwaronta. Daga nan ka wuce wajen kakarka a Mai Wurno tun tana da rai, ka zaunar da ita a inuwa ka ɗauke ta, ka wanke a takarda.

Allah Ya zaunar mana da ƙasarmu lafiya, Ya mayar wa kowa da abin da ya rasa, Ya sa albarka a sana'o'inmu.