Murar Tsuntsaye: Tsakanin Firgici Da Sakaci

Duk lokacin da hunturu ya kama, aka ji labarin kaji sun fara zubewa a wata gona, sai jama'armu su rabu gida biyu. Wasu su ƙaurace wa ƙwai da naman kaza baki ɗaya, har mai shayi da mai gashin kaji su ji a jikinsu. Wasu kuwa su ce ai ƙanzon kurege ne, tun kaka da kakanni kaji ke mutuwa da sanyi, ana yankawa ana ci, ba wanda ya mutu. Ni malamin harshe ne, kuma abin da nazarin harshe ya koya mini shi ne cewa sunan da aka raɗa wa abu yakan riga hujja shiga zuciyar mai ji. A ganina, wani babban kaso na wannan ruɗani daga sunan cutar ya samo asali.

Mai karatu, dubi kalmomin da kyau. Mura a wurin Bahaushe ciwon kwana uku ce, a sha farfesu da citta a warke. Tsuntsu kuwa, in ka ambace shi, kurciya da buwa da balbela ne ke fara zuwa zuciya, domin kaza da agwagwa da zabo dabbobin gida muke ɗaukarsu. Saboda haka "murar tsuntsaye" a kunnen mutumin karkara tana nufin ɗan ƙaramin ciwo da ya shafi halittun daji, alhali cuta ce da kan share akurki guda cikin kwana biyu ko uku. Haka kuma "ƙwayar cuta" da muke faɗa ta haɗe bakteriya da bairos a jaka ɗaya, shi ya sa mai kiwo kan zuba wa kajinsa kafso a ruwan sha, ba tare da sanin cewa maganin bakteriya ba ya taɓa bairos ba.

Tarihin cutar a taƙaice shi ne: an fara gano nau'in H5N1 a jikin dinya a lardin Guangdong na ƙasar Sin a 1996. A 1997 ya kama mutum 18 a Hong Kong, shida suka mutu, hukuma ta hallaka dukkan kajin yankin. A watan Fabrairun 2006 aka tabbatar da ɓullarsa a wata gona da ke Jaji a Jihar Kaduna, wanda shi ne karo na farko a nahiyar Afirka, kuma kafin watan ya ƙare an same shi a Magarya ta Jamhuriyar Nijar. Ya sake dawowa Kano da Legas a 2015, sannan a 2021.

Kuskure na farko shi ne zaton cewa cin kaza ko ƙwai ne hanyar kamuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa zafin da ya kai digiri 70 a ma'aunin Salshiyos yana kashe wannan bairos, matuƙar ya ratsa naman har ciki. Miyarmu da farfesunmu sun zarce wannan nesa ba kusa ba. Abin kiyayewa kawai shi ne naman da ke da sauran ja a jikin ƙashi, da ƙwan da ƙwaiduwarsa ba ta daskare ba. Haɗarin yana can kafin tukunya: wajen yanka, da fiɗa, da figa, da kwasar kashin kaji, da shaƙar ƙurar akurki. Matar Legas mai shekara 22 da cutar ta kashe a watan Janairun 2007 ta nuna cewa ba mu fi ƙarfinta ba. A Masar, inda aka fi ko'ina yawan masu kamuwa, mata da yara masu hulɗa da kajin gida sun kasance kaso mai yawa na waɗanda ta kama. Wannan hoton gidajenmu ne sak, domin a nan ma uwargida ce ke figa, yara ne ke kora kaji akurki da magariba.

Kuskure na biyu ya fi na farko muni, wato a ga kaza ta sunkuyar da kai a yi maza a sa mata wuƙa don kada ta zama mushe. Yanka yana halatta nama, amma ba ya kashe ƙwayar cuta. Hasali ma a wannan lokacin ne jini da majinar kazar ke taɓa hannu da fuska. Wannan ɗabi'a tana da dalili, domin cutar Niyukasul ta daɗe tana kashe kajinmu da hunturu, kuma ba kasafai take cutar da mutum ba. Matsalar ita ce alamomin cututtukan biyu sun yi kama ƙwarai, ta yadda ko likitan dabbobi sai ya aika da samfur ɗakin bincike, irin na Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom, kafin ya yanke hukunci. Wanda ya ce ya gane da ido, cacar rai yake yi.

Kuskure na uku na 'yan boko ne irinmu, masu karanta alƙaluma su firgita. Daga 2003 zuwa ƙarshen 2024, waɗanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar sun kamu da H5N1 ba su kai dubu ɗaya ba, kuma kusan rabinsu sun mutu. Wannan adadi yana faɗin abu biyu. Na ɗaya, kamuwa da cutar abu ne mai wuyar aukuwa, idan aka dubi ɗaruruwan miliyoyin kaji da suka hallaka da miliyoyin mutanen da suka yi hulɗa da su. Dalili kuwa shi ne bairos ɗin ya fi iya maƙalewa a can cikin huhun mutum, ba a hanci da maƙogwaro ba, shi ya sa bai iya yawo daga mutum zuwa mutum ta tari da atishawa yadda murar mutane ke yi. Na biyu, in ya samu shiga, yana iya kisa. Sai dai "rabi" ɗin nan lissafi ne na waɗanda aka gwada, galibi masu jin jiki a asibiti. A Amurka, bayan cutar ta shiga shanun madara a watan Maris na 2024, ta kama mutum wajen 70 zuwa farkon 2025, akasarinsu ma'aikatan gona, kuma mafi yawansu jan ido da ɗan zazzaɓi kawai suka yi, ko da yake wani dattijo ya rasu a Jihar Luwiziyana a Janairun 2025.

To, in haka ne, me ya sa masana ke ta kiraye-kiraye? Saboda bairos na mura yana ɗauke da gadonsa a gutsure takwas, kuma idan nau'i biyu suka haɗu a jiki guda, na mutum ko na alade, suna iya musayar gutsure su haifar da sabon nau'i. Ta haka aka samu annobar 1957 da ta 1968. Duk mutumin da ya kamu, wata dama ce aka ba bairos ɗin ya koyi zama a jikin ɗan Adam. Ke nan barazanar da ke kan mai sayen kaza a yau ƙarama ce, amma wadda ke kan al'umma idan aka yi sakaci babba ce.

Akwai kuma masu ɗora laifin duka a kan tsuntsaye masu ƙaura da ke sauka a dausayin Haɗeja da Nguru. Gaskiya ne suna ɗauko cutar daga nesa, amma da zarar ta sauka, mu ne ke yi mata dako: motar da ta fito daga wannan gona ta shiga waccan, kiret ɗin ƙwai da ke zagaye gonaki ba wanki, takalmin dillali, da kasuwar kaji inda na Kano da na Jos ke kwana keji ɗaya.

A nan ne alhakin hukuma ya shigo. A 2006 gwamnati ta sanya diyyar Naira 250 a kan kowace kaza da aka hallaka, kuɗin da bai kai farashin kasuwa ba. Mai gonar da ya san zai yi asara in ya kai rahoto, zai kwashe kajinsa cikin dare ya kai kasuwa, kuma babu wa'azin da zai hana shi. Diyya mai ma'ana da ake biya a kan lokaci ita ce rigakafin farko. Na biyu shi ne magana da jama'a cikin harshen da suke ji. Mun ga abin da rashin yarda ya jawo lokacin da aka ƙaurace wa allurar shan-inna a Kano a 2003 da 2004. Ya kamata likitocin dabbobi da na mutane su zauna da masana harshe da ma'aikatan gidajen rediyo a daidaita kalmomi, a riƙa cewa "annobar kaji mai iya kama mutum" a duk sanarwar da za a yi wa mutanen karkara.

Mu kuma namu aikin ba shi da wuya. Kazar da ta mutu ko take ciwo, kada a yanka, kada a sayar, kada a jefar a bola. A sanar da ofishin lafiyar dabbobi, a binne ta da zurfi ba tare da taɓawa da hannu tsirara ba. A raba makwancin yara da na kaji, a wanke hannu da wuƙa da sabulu bayan fiɗa. Wanda ya yi hulɗa da irin waɗannan kaji sannan ya ji zazzaɓi ko tari ko jan ido, ya garzaya asibiti ya faɗa wa likita batun kajin, domin maganin Tamiflu ya fi aiki idan an fara shi cikin kwana biyun farko. Sauranmu kuwa mu ci kazarmu dafaffiya da kwanciyar hankali, kada mu karya masu kiwo a banza. Allah Ya kare mu da dukiyoyinmu, amin.