Wa Zai Yi Jinyar Marar Gata?

A al'adar Bahaushe jinya aikin dangi ne. Ko a asibiti aka kwantar da mutum, sai wani nasa ya tare a gindin gado, shi ke sayo magani, shi ke kawo abinci, shi ke juya shi. To, ina makomar wanda ba shi da kowa?

A Fulatan da sauran garuruwan ƙasar Rogo da Ƙaraye, da zarar an kammala girbi samari kan fita ci-rani, 'ya'ya mata kuwa suna gidajen aurensu. Idan ciwon daji ya ci jikin tsohuwar da ba ta taɓa haihuwa ba, likita ya ce a mayar da ita gida a ci gaba da addu'a, ɗaki za ta koma ita kaɗai. Maƙwabta za su miƙa mata kunu da safe, amma cikin dare, lokacin da zafin ciwo ya tsananta, babu mai jin nishinta.

Wasu ƙasashe sun daɗe da samar wa irin waɗannan bayin Allah mafaka. A 1967 Cicely Saunders ta buɗe gidan St Christopher's a Landan domin waɗanda likitoci suka tabbatar ciwonsu ba na warkewa ba ne. Aikin gidan shi ne kashe raɗaɗi da tsabtace jiki da ɗebe kewa har rai ya yi halinsa. A 1993 Dakta Anne Merriman ta soma irin wannan hidima a Yuganda, a 2004 kuma gwamnatin ƙasar ta yarje wa ma'aikatan jinya masu horo na musamman su rubuta maganin mofin, don ya isa ƙauyuka.

Wani zai ce wannan baƙuwar ɗabi'a ce, kuma abin kunya ne a kai mutum gidan jiran mutuwa. Gaskiya ne, wanda ke da 'ya'ya ko 'yan'uwa ɗakinsa ya fi masa. Amma magana ake yi a kan wanda babu mai ba shi ruwa. Idan marar gata ya cika, jama'ar unguwa kan haɗu su yi masa wanka da likkafani da salla, domin farali ne a kansu. Yaya za mu karrama gawa, mu bar mai rai cikin ƙazanta?

A ganina, ɗakuna huɗu kusa da asibiti, ɓangaren maza daban na mata daban, da ma'aikacin jinya da masu sa kai daga masallatai, sun isa a fara. Wakafin attajirai da zakkar amfanin gona za su iya ɗaukar nauyinsu, tun da hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ku da za ku zama malamai, ƙauyuka za a tura yawancinku. Ku tambayi mai unguwa wane ne ke kwance shi kaɗai, ku kuma koya wa ɗalibanku zuwa duba shi.