JABO BA JUJIN JABU BA CE

Duk wanda ya bi hanyar Sakkwato zuwa Jega ya ratsa ƙasar Tambuwal, in dai yana da idon lura, zai ga wani abin takaici a bakin rumfunan masu gyara. Gawarwakin injuna ne jibge: ƙaramin janareta da ake ce wa Tiger, fanka mai karyayyen wuya, injin ban ruwa da tsatsa ta cinye, firij da ya koma akwatin ajiye tsummokara. Abin da ya fi ciwo shi ne yawancinsu ba tsufa ne ya kashe su ba. Da cutarsu aka ƙera su, da cutarsu aka shigo da su, aka kuma karɓi kuɗin talaka bawan Allah cif-cif aka damƙa masa su.

Ɗan uwa mai karatu ya ɗauki misalin saurayin Jabo ko na ƙasar Kebbe da ya tafi ci-rani, ya sha rana ya sha ƙishirwa, ya dawo da ɗan abin da ya tara ya ce bari ya sayi injin ban ruwa ya shiga fadama. An nuna masa inji ja wur, an manna masa sunan Honda, an rantse masa ɗan Japan ne, alhali ko ƙamshin Japan injin bai taɓa ji ba. Makonnin farko lafiya lau. Sai sil ya fara yoyo, sai ringi ya fara shan baƙin mai, sai rana tsaka inji ya yi tari ya ɗauke, daidai lokacin da albasa ko shinkafa ke kukan ruwa. Shuka kuwa ba ta san uzuri ba. Ya saɓa inji ya koma shagon da ya saya, sai a zaro masa rasidi a nuna masa inda aka rubuta da Turanci wai kayan da aka saya ba a mayarwa. Shi ke nan, an cuce shi an kuma hana shi kuka.

To wannan rubutu na kan rasidi, wace shari'a ce ta zo da shi? Yaron da ya zauna gaban malami a Islamiyya ya karanta babin ciniki ya san cewa mai saye yana da zaɓin mayar da haja idan ya tarar da aibin da aka ɓoye masa, wanda malamai ke kira khiyarul aibi. Ya san cewa manna wa haja sunan da ba nata ba algus ne, algus kuwa haramun ne, ko da an yi shi da tasbaha a hannu. Kai, ko a dokar su masu mulkin ma abin ba ya bisa ƙa'ida, domin dokar kare masu sayen kaya da aka sa wa hannu a farkon 2019 ta ba mai saye damar mayar da kayan da suka zo da illa. Amma wa ya taɓa jin an karanta wa manomin Jabo wannan doka? Akwai hukumar kula da ingancin kaya, SON, tun 1971 take cin kasafin kuɗi. Jabun kaya ba ta sama yake faɗowa ba. Ta tashar jirgin ruwa yake shigowa, ya wuce shingen kwastan ɗaya bayan ɗaya, ya sauka Alaba a Legas ko Sabon Gari a Kano, daga nan ya gangaro Sakkwato har ya iso ƙauye. Duk tsawon wannan tafiya idon hukuma a rufe yake, ba ya buɗewa sai in talaka ya ɗauko buhun shinkafa a kan babur.

Wani zai ce ai araha ce mutane ke bi, kuma araha ba ta ado. Akwai ƙamshin gaskiya a nan, amma maganar ta fi haka zurfi. A gidaje da yawa har yanzu akwai keken ɗinki Singer da aka gada daga kaka, yana ɗinki ras, ba ya neman komai sai ɗigon mai da sabuwar allura. Tsofaffin masu niƙa suna tuna injin Lista na Ingila, wanda ake kwancewa a ɗaure ya ci gaba da aiki shekara da shekaru. Ashe masu ƙira sun iya yin abu mai ƙarko. Daina yi suka yi da gangan, don sun gano cewa abin da ba ya mutuwa sau ɗaya ake sayensa.

Wannan ba zato ba ne. A watan Disamba na 1924 manyan kamfanonin ƙwan lantarki na duniya, ciki har da Osram na Jamus da Philips na Holan, suka haɗu a Janeba suka ƙulla cewa kada ƙwai ya wuce awa 1,000 yana ci, alhali kafin nan ana yin mai kai awa 1,500 zuwa 2,000. Har tara suka riƙa cin duk kamfanin da ƙwansa ya yi tsawon rai. Tirƙashi! A 2020 Faransa ta ci kamfanin Apple tarar Yuro miliyan 25 saboda ya rage wa tsofaffin wayoyinsa sauri bai gaya wa masu su ba. Da abin ya ishe su a can, sai suka yi wa kansu magani: tun 2021 Tarayyar Turai ta wajabta wa masu ƙera firij da injin wanki su ajiye kayan gyara na shekara 7 zuwa 10, a 2024 kuma ta ƙara da dokar da ke tilasta musu karɓar gyara ko bayan garanti ya ƙare. Wannan na mutanensu ne. Na baƙar fata kuwa shi ne juji. Wani bincike na jami'ar Majalisar Ɗinkin Duniya ya gano cewa a 2015 da 2016 ana shigo wa Nijeriya da tsofaffin kayan lantarki kimanin tan 60,000 a shekara, akasari daga Turai, da yawa a cuse cikin motocin gwanjo, kuma kusan kashi ɗaya cikin huɗu matattu ne tun daga can. Su ne ake wankewa a goge a ce wa mutum ɗan Baljiyam ne. Wanda ya tuna dubban gangunan guba da 'yan Italiya suka jibge a garin Koko a 1988 ba zai yi mamaki ba, hali zanen dutse.

Su kuma mahukuntan ƙasar nan, da ya kamata su tsaya tsakanin raunana da wannan wawaso, su ne suka buɗe ƙofa suka riƙe fitila. A 1980 Shehu Shagari, wanda garinsu ke nan kan hanya ɗaya da Jabo, ya aza harsashin masana'antar ƙarfe ta Ajakuta. Sama da shekara arba'in ke nan babbar tanderunta ba ta narka ƙarfe ba. A 1986 Babangida ya kawo SAP, Naira ta fara gangarowa, masana'antu irin su na keken Raleigh a Kano da na tarakta Steyr a Bauchi suka bi ta durƙushe, ƙasa mai ɗimbin jama'a ta koma ko sifana mai kyau sai an yo mata oda. NEPA ta zama PHCN a 2005, aka yanyanka ta aka sayar daga 2013, amma wutar da ke zuwa ƙauye, in ta ga damar zuwa, ita ce mai rauni da ke sa firij gurnani har kwamfiresa ta ƙone. A watan Oktoba na 2024 yawancin jihohin Arewa sun fi mako guda cikin duhu. Aka tura kowa ga janareta, sannan ranar 29 ga Mayu 2023 aka ce tallafin mai ya tafi, litar da ba ta kai Naira 200 ba ta haura 1,000 kafin ƙarshen 2024. Dala da ke wajen Naira 460 a farashin gwamnati ta haura 1,500 a farkon 2024. Wanda kuɗinsa ya isa sayen mai kyau jiya, yau ko jabun da ƙyar. Sai a dawo a ce laifinsa ne da ya bi araha!

Amma fa a yi gaskiya, ɓarawon gida ya fi na waje ciwo. Akwai masu gyara da suka mayar da rumfarsu mahauta. A kawo fanka da ba abin da ke damunta sai kafasito, ɗan abin da ake canzawa cikin minti biyar, ya ce koyil ya ƙone. A kawo janareta da kabureta ce kawai ta toshe da datti, ya ce sai an sauke inji. Mafi muni shi ne wanda zai kwance wayar jan ƙarfe ta asali ya sayar wa 'yan jari-bola a kan sikeli, ya naɗa ta sanholo mai fentin ja, ya karɓi kuɗin jan ƙarfe. Sanholo kuwa abin da yake ɗauka na wuta kimanin kashi 60 cikin 100 ne na jan ƙarfe, don haka in aka naɗa shi da kauri ɗaya sai ya yi zafi ya ƙone, mai kaya ya sake dawowa, a sake yankarsa. Irin wannan mutum zai zo sahun gaba ranar Juma'a ya fi kowa ɗaga murya wajen tsine wa azzalumai. Wane azzalumi yake nema bayan wanda ke cikin rigarsa? Ya koma ya buɗe Risala: a mazhabar Malikiyya mai sana'a yana lamunce kayan da aka ba shi ya shige da su rumfarsa, in sun salwanta ko sun lalace a hannunsa shi zai biya, sai in ya kawo shaidar cewa ba sakacinsa ba ne. Malamai sun tsananta haka ne don kare dukiyar mutane, tun ba a san janareta ba.

Duk da haka mai gyara na gari shi ne katangar ƙarshe da ta rage wa talaka, kuma shi ne aka fi rainawa. Saurayi ya gama sakandare, ya gwammace ya yini a gindin bishiya yana latsa waya da a gan shi da baƙin mai a riga. Iyayen yarinya su ji an ce bakanike ne su yamutsa fuska, su ji an ce ɗan siyasa ne mai raba kuɗin sata su shimfiɗa darduma. Wannan tunani ba gadon ƙasar nan ba ne. Annabi Dawud (AS) da hannunsa yake sarrafa ƙarfe yana ƙera sulke, Annabi Zakariyya (AS) kafinta ne. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, cikin littafinsa Usulus Siyasa, ya sanya wa shugaba cikin wajibansa ya raya masu sana'a irin su maƙera da masassaƙa da maɗinka, ya kuma tabbatar kowane gari ya sami rabonsa daga cikinsu. Maƙerar Assada tana nan a Sakkwato, inda aka gaji wuta da uwar maƙera kaka da kakanni. Garma da fartanya da lauje da suka ciyar da wannan ƙasa ba daga Sin aka yo odarsu ba, kuma in bakinsu ya dakushe maƙerin unguwa ne ke koɗa su. Jikokin waɗannan mutane ne yau za a ce ba su iya kwance kabureta ba?

Saboda haka 'yan uwa matasa su daina shiga kasuwa ido rufe. Kafin mutum ya tambayi kuɗin inji, ya fara zagayawa ya tambayi ko ana samun sil ɗinsa da ringinsa da farfelarsa a Tambuwal ko Jega ko Sakkwato, domin injin da ba shi da kayan gyara gawa ce da ba a riga an yi wa sutura ba. Ya tafi da mai gyaran da ya amince da shi, ya biya shi ladan yininsa, ya fi masa asarar damina guda. A tayar da inji a gabansa ya yi aiki har ya ɗau zafi. A ɗaga a ji nauyi, don jan ƙarfe ya fi sanholo nauyi nesa ba kusa ba, in kuma ana shakkar waya a kankare bakinta da wuƙa, in cikinta ya fito fari to an gane. A sa mai shago ya rubuta sharaɗin mayarwa da hannunsa a gaban shaidu biyu, in ya ƙi a bar masa kayansa. Wanda ya kai gyara kuma ya ce a ba shi tsohon abin da aka cire ya tafi da shi gida.

Kayan aiki ma haka. Sifanar da ke buɗe baki a kan noti na farko da sukundireban da ke murɗewa kamar alawa ba su da wani amfani sai ɓata kan noti da fasa yatsa. Samari biyar da kowannensu zai sayi jabun giranda tasa, gara su haɗa kuɗin su sayi ɗaya ta ƙwarai da mitar gwajin wuta, su ajiye a hannun amintacce da littafin rubuta wanda ya ɗauka da ranar da zai mayar. Ƙanensu da ke zaune ba aikin yi kuma a kai shi wurin mai naɗin koyil mai tsoron Allah, a yi yarjejeniyar shekarun koyo a rubuce, a riƙa leƙawa ana ganin ko sana'a ake koya masa ko aiken sayen shayi.