Ƙamshin da ke ɓoye a cikin gwaiba da waken suya

Mai karatu, ka ɗauki ƙwayar tafarnuwa da ba a fasa ba ka sunsuna. Da ƙyar za ka ji wani abu. Amma da zarar an jefa ta a turmi, gida duka zai sani. Dalili kuwa shi ne, tafarnuwa ba ta ajiye ƙamshinta a shirye. Abubuwa biyu take ajiyewa a ɗakuna daban-daban na ƙwayoyin halittarta: wani sinadari marar ƙamshi, da wani enzayim, wato furotin mai gaggauta sauya sinadari zuwa wani. Taɓarya ce ke rushe katangar da ke tsakaninsu, su haɗu, su haifar da alisin, wanda aka fara tace shi a shekarar 1944.

Haka lamarin yake ga banila. Ɗanyen kwansonta ba ya ƙamshi, sai manoman Madagaska sun tsoma shi a ruwan zafi, sun yi makonni suna shanyawa suna rufewa, kafin enzayim ya saki ƙamshin daga sukarin da ya ɗaure shi.

Masana'antun turare sun daɗe da gane wannan sirri. A shekarun 1990, kamfanin Firmenich na Suwizalan ya yi rajistar wata hanya ta samar da ƙamshin ɗanyen ganye: a zuba garin waken suya a kan sinadaran man tsiro, enzayim ɗinsa ya ɗora musu iskar oksijin, sannan a ƙara markaɗaɗɗiyar gwaiba, nata enzayim ɗin ya datse su. Da yake tsiro ne ya yi aikin, dokokin Turai da Amurka na karɓar abin da ya fito a matsayin na asali, kuɗinsa kuma ya ninka na roba.

A nan damuwata take. Waken suya muna noma shi a Binuwai da Kaduna. Gwaiba kuwa ruɓewa take yi a kasuwanninmu in kakarta ta zo. Duk da haka, ƙamshin da ke cikin lemo da alewar 'ya'yanmu da dala ake sayo shi.

Ɗalibanmu na kimiyyar sinadarai suna haddace sunayen enzayim domin jarrabawa, ba tare da sun taɓa tace ko guda ba, saboda ɗakin gwajin ba wuta, firiji kuwa ya mutu. Enzayim ba ya jure zafi. Kafin a kira mana wani taron ƙara wa juna sani, asusun TETFund ya fara da samar wa waɗannan ɗakuna wutar sola da firiji. Sauran aikin, mu malamai mun ɗauka.