Gwiwar Ƙarfe da Tausayin Gida

A wannan wata za mu taɓo maganar iyayenmu da ake yi wa aikin sauya gwiwa. Tun kafin yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023, wasu kan je Alƙahira ko Indiya a sa musu gwiwar ƙarfe, dangi sun yi karo-karo, wani lokaci har da sayar da fili. To, amma sau da yawa a nan Mayo muke ɓata aikin da hannunmu, da sunan tausayi.

Da Hajiya ta dawo sai mu kwantar da ita a angarib, mu cusa matashi ƙarƙashin gwiwa, 'yan dubiya na shiga suna fita, kowa na cewa, "Hajiya, kada ki motsa!" Alhali likitoci tun ranar aikin ko washegari suke tayar da mutum ya taka da abin dogarawa. Dalili kuwa, naman ciki yana warkewa da tabo, tabon kuma ƙara tauri yake yi cikin mako 6 zuwa 12 na farko. Gwiwar da ba a lanƙwasa ta a miƙe ta kullum a wannan lokaci ba, sandarewa take yi, har ta kai a koma asibiti a sa mutum barci a lanƙwasa ta da ƙarfi. Matashin nan ma hana ta miƙewa sosai yake yi. Doguwar kwanciya kuma kan sa jini ya daskare a jijiya. In sha-raɓa ta kumbura tana zafi, ko numfashi ya yi wuya, a garzaya asibiti nan take. Mai ɗori da mai lalas kuwa, su yi haƙuri, wannan ba tasu ba ce.

Abin da ya fi damun dattawanmu dai salla ne. Tashi daga kujera na neman lanƙwasa kamar digiri 90 ko sama kaɗan, zaman tahiya kuwa wajen 150, kuma yawancin gwiwoyin ƙarfe a kusan 120 suke tsayawa. Kada mu bari Baba ya tilasta wa kansa don kunyar abokan sahu. Malamai sun yarda mai uzuri ya yi salla a zaune, sai mu kai masa kujera masallaci. Mu ɗaga angarib da bulo, mu samo kujerar bayi maimakon tsuguno, yaro guda kuma ya riƙa raka shi zagayen tsakar gida safe da yamma.