Satar mota: Sa'o'i kaɗan ne tsakanin ƙofar gidanka da iyakar Jibiya

Daga birnin Katsina zuwa Jibiya tafiyar kimanin kilomita 45 ce. Daga Kano kuwa ta ɗan haura kilomita 200. Ke nan motar da aka ɗauke a ƙofar wani gida a Kano bayan sallar Isha'i za ta iya isa bakin iyakar Najeriya da Nijar tun kafin kiran sallar farko, mai ita yana barci bai san an yi ba.

Wannan lissafin ne ya sa duk wanda aka sace wa mota a Kano ko Kaduna ko Abuja, shawarar farko da ake ba shi ita ce ya sa a sanar da boda. Rundunonin 'yan sanda a waɗannan wurare sun sha gabatar da mutanen da ake zargi da satar motoci, waɗanda aka ce suna kai su Nijar su sayar. Daga shingen Magama da ke Jibiya an shiga Ɗan Isa, daga nan zuwa Maraɗi tafiya ce da ba ta kai sa'a guda ba.

Sai dai ɗora wa Jibiya laifin kacokan zalunci ne. Mafi yawan masu bin wannan hanya fatake ne da direbobi da masu zumunci, domin dangi ɗaya ne a ɓangarorin biyu. Iyakar ƙasashen biyu ta kai tsawon kimanin kilomita 1,500, akasarinta fili ne da gonaki, kuma ɓarawon da ya san gari ba lallai ne ya bi ta gaban kwastam ba. Matsalar ta fara ne tun daga inda aka ajiye motar, da kuma yadda hukumomi ke ajiye bayananta.

Me ya sa kasuwar ke ci?

Abu na farko shi ne darajar kuɗi. Tun da gwamnatin Bola Tinubu ta saki farashin naira a watan Yunin 2023, dala ta tashi daga kusan naira 460 a farashin gwamnati har ta haura naira 1,500 a 2024. Duk wata mota tokumbo da duk wani kayan gyara da ake shigowa da shi ya bi dala ya hau. Sefa kuwa a ɗaure take da kuɗin Turai na yuro, don haka ta yi wa naira fintinkau. Wanda ya sayar da mota da sefa ya dawo ya canja, ribarsa ta fi ta da.

Abu na biyu shi ne siyasar iyaka. A watan Janairun 2017 gwamnatin Muhammadu Buhari ta haramta shigo da motoci ta iyakokin ƙasa. Haramcin bai kashe sana'ar ba, sai ya tura ta daji. A watan Agustan 2019 aka rufe iyakokin gaba ɗaya, ba a buɗe ta Jibiya ba sai a Afrilun 2022. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Yamai aka sake rufewa har zuwa Maris ɗin 2024. Duk lokacin da aka rufe ƙofa, 'yan fito sai su ƙara ƙwarewa a kan ɓarauniyar hanya. Hanyar da ta shigo da shinkafa da mota ba tare da biyan haraji ba, ita ce kuma za ta fitar da motar sata.

Akwai kuma rikicin Nijar da Benin. Da ta tashar jiragen ruwa ta Kwatano mafi yawan motocin Nijar ke shigowa, su tsallaka gadar Malanbil zuwa Gaya. Rufe wannan gada bayan juyin mulki ya tilasta wa 'yan kasuwa zagayawa ta Lome da Burkina Faso, hanya mai nisa da hatsari da tsada. Inda kaya suka yi wuyar samu, na maƙwabta ne ke yin daraja, na halak da na haram.

Ba sai an ɗauki motar duka ba

Mafi yawan masu mota ba su taɓa fuskantar satar mota sukutum ba, amma da wuya a sami wanda bai san wani da aka fasa wa gilashi ba. Wannan ita ce satar da ta fi yawa, kuma ita ce aka fi raina wa.

Rediyon mota na cikin abubuwan da aka fi hari, musamman babban allon nan na Android da matasa ke sawa a madadin na kamfani. Dalili kuwa mai sauƙi ne. Wasu rediyoyin da suka zo da mota, kamar na tsofaffin Honda, suna kulle kansu idan aka raba su da batir, sai an sa lambar sirri kafin su sake aiki. Allon da aka saya a kasuwa ba shi da wannan kariya. Ƴan ƙusoshi da maƙalai ne ke riƙe da shi, ana iya zare shi cikin mintuna, kuma zai yi aiki a wata motar a ranar.

Bayan rediyo akwai batir, da madubin gefe, da fitilu, da ƙwaƙwalwar injin da bakanikai ke kira birenbos. Akwai kuma abin tace hayaƙi da ke cikin salansa, wanda ake wa laƙabi da indomi. Ana nemansa ne saboda ƙarafa masu tsada da ke cikinsa irin su filatinam da faladiyam da rodiyam. Shi wannan ba a cika sace shi a titi ba. Sau da yawa a wurin gyara ake cire shi, mai mota bai farga ba sai ya ji ƙarar motarsa ta canja, shan mai ya ƙaru.

Irin waɗannan kaya ba sa buƙatar takarda kafin su tsallaka iyaka, buhu ɗaya a bayan babur ya isa. Ba ma sa buƙatar tsallakawa. Suna iya shigewa cikin kayan Beljiyam a kowace kasuwar kayan gyara, inda ɗan kasuwa mai gaskiya ma ba shi da hanyar tantance asalinsu. Haka nan motar da aka sace ake yi wa: idan fitar da ita zai yi wuya, sai a yi mata gunduwa-gunduwa a sayar.

Shingaye da yawa, rajista a warwatse

Direbobi da 'yan kasuwa sun daɗe suna kuka da yawan shingayen jami'an tsaro tsakanin Katsina da Jibiya. To me ya sa shinge bai zama tarkon motar sata ba?

Amsar ita ce jami'in da ke kan hanya takarda yake dubawa, takarda kuwa ana buga ta bogi. Abin da ba a iya canzawa cikin sauƙi shi ne lambar jikin mota mai haruffa da alƙaluma 17, wadda aka fi sani da lambar shasi. Amma kafin ta yi amfani sai an sami rumbun bayanai guda ɗaya da jami'i zai duba nan take a wayarsa.

A Najeriya bayanan a rarrabe suke. Hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC tana da nata na lambobin mota. Ma'aikatar kuɗi ta tarayya ta ɓullo da rajistar VREG a 2021. Kamfanonin inshora suna da nasu, jihohi suna da nasu. 'Yan sanda kuma suna da e-CMR, wadda aka ƙaddamar a intanet a Disamban 2022, inda mai mota zai iya shigar da rahoton sata. An tsara fara tilasta rajistar a ranar 29 ga Yulin 2024, amma Sufeto Janar Kayode Egbetokun ya dakatar da tilastawar bayan jama'a da lauyoyi sun yi ca a kan kuɗin da ya haura naira 5,000 da ake biya. Jama'a sun kalle ta a matsayin wani sabon haraji, ba kariya ba.

Idan mota ta tsallaka, magana ta koma tsakanin ƙasa da ƙasa. Nijar ta fice daga ECOWAS a hukumance a ranar 29 ga Janairun 2025 tare da Mali da Burkina Faso. Duk da haka Najeriya da Nijar mambobi ne na hukumar 'yan sandan duniya ta Interpol, wadda ke da rumbun motocin sata na duniya baki ɗaya. Sai dai bin wannan hanya na cin lokaci da kuɗi, kuma mai ƙaramar mota na iya kashe abin da ya kusa kuɗinta kafin ya dawo da ita.

Hanyar tana da baki biyu

Akwai wani hatsarin da masu sayen mota ba su cika tunawa da shi ba. Kamar yadda ake fitar da motocin sata, haka ake shigo da su. A watan Maris ɗin 2025 Interpol ta jagoranci wani samame a ƙasashe 12 na Afirka ta Yamma, ciki har da Najeriya da Nijar, inda aka gano motocin sata kimanin 150, mafi yawansu daga Kanada.

Wanda ya sayi irin wannan mota, ko da bai sani ba, zai iya rasa ta ya kuma rasa kuɗinsa. Idan kuwa aka tabbatar ya sani, karɓar kayan sata laifi ne mai zaman kansa a dokar laifuka ta Arewa. Arha mai yawa a bakin iyaka abin tsoro ce. Kafin a biya, a gwada lambar shasin da ke ƙasan gilashin gaba da ta jikin ƙofa da ta takarda, a tantance takardar biyan kuɗin kwastam a ofishinsu, a kuma rubuta yarjejeniya da shaidu.

Abin da ke hannun mai mota

Ɓarawo yana auna lokaci ne. Duk abin da zai ƙara masa minti biyar zai iya sa ya koma kan wata motar. Shi ya sa makullin ƙarfe na sitiyari ko na feda, duk da ana ganinsa tsohon yayi, har yanzu yana aiki, don daga waje ake hango shi. Haka ma ɓoyayyen makunni da ke yanke wuta ko mai. A bai wa rewaya guda ɗaya da aka amince da shi ya sa, kuma kada wurin ya zama labarin majalisa.

Na'urar bibiyar mota, wato tiraka, tana da amfani amma tana da iyaka. Da layin waya take aiki. Mutanen Jibiya ba su manta da watan Satumban 2021 ba, lokacin da aka katse sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na Katsina saboda matsalar 'yan bindiga. A irin wannan yanayi tiraka ba ta da bambanci da dutse. Kafin ka saya, ka tambayi mai sayarwa ko layin zai ci gaba da aiki idan motar ta shiga Nijar, kuma ka riƙa duba ko kuɗin layin bai ƙare ba. Masu hali sukan sa biyu, ɗaya a inda ɓarawo zai iya samu, ɗaya a inda ba zai yi zato ba.

Game da fasa gilashi, maganin shi ne kada a bar abin kwaɗayi a fili. Jaka, waya, kwamfuta, ko da leda ce da ke kama da ta kuɗi, duk gayyata ce. Wanda ya fito daga banki kada ya bar kuɗi a mota ya shiga masallaci ko kasuwa. Idan rediyon mai cirarriyar fuska ne, a cire a tafi da ita. Idan allo ne, a sa masa ƙusoshin da ba kowace sukundireba ke kwancewa ba, a rufe shi idan an ajiye motar, a kuma adana lambarsa da rasiɗinsa.

Makulli ma abin lura ne. Ba a barin sa na tsawon sa'o'i a wurin wankin mota ko garejin da ba a sani ba, domin kwafarsa ba ta da wuya. Masu motocin da ake tayarwa da maɓalli su nisanta makullin daga ƙofar gida da dare, saboda akwai na'urorin da ke janyo siginarsa daga nesa. Bayan danna rimot, a ja hannun ƙofa a tabbatar ta kullu. Wuraren da aka fi sakaci su ne masallacin Juma'a, ɗaurin aure, asibiti da ranar kasuwa, inda kowa hankalinsa ke wani wuri. Ɗari biyu ko uku da za a bai wa mai gadi ba asara ba ce.

Sai inshora. Ta naira 15,000 da aka fara biya tun Janairun 2023, wadda 'yan sanda ke tambaya a hanya, tana biyan ɓarnar da ka yi wa wani ne kawai, ba ta biyan sata. Mai son a biya shi idan an sace sai ya yi cikakkiyar inshora, wadda hukumar NAICOM ta ƙayyade mafi ƙarancinta a kashi 5 cikin 100 na darajar motar. Ga masu ƙyamar inshorar gargajiya saboda addini, akwai kamfanonin takaful masu lasisi.

Idan ƙaddara ta faɗa

Sa'a ta farko ita ce komai. A kira 112 ko a garzaya ofishin 'yan sanda mafi kusa, a tabbatar an rubuta rahoto, a nemi a aika sanarwa zuwa rundunonin jihohin da ke kan iyaka. A sanar da kamfanin tiraka da na inshora. A tura hoton motar ga shugabannin ƙungiyar direbobi a tashoshi, don idonsu ya fi na kowa yawa a kan hanya. Duk wannan ba zai yiwu cikin sauri ba sai in tun yau akwai hoton motar da na takardunta da lambar shasi a wayarka da kuma wayar wani naka. Takardun asali a gida ake barin su, kwafi ake yawo da shi.

Idan kuma da bindiga aka tare ka, miƙa makulli. Ana sake sayen mota.

Abin da ya rage a wuyan hukuma a bayyane yake: rajista guda ɗaya da jami'in Magama zai iya dubawa kafin ya ɗaga shinge, da layin magana kai-tsaye tsakanin 'yan sandan Katsina da takwarorinsu na Maraɗi, ko da gwamnatocin Abuja da Yamai na zaman doya da manja. Kafin a kai ga haka, mai mota ya ɗauki hoton lambar shasinsa yau, ya sayi makullin sitiyari, ya kuma daina barin jaka a kan kujera.