Gayyar Zamani: Gonar Wa Ake Nomawa?

 

Ya 'yan uwa, babu wanda ya tashi a ƙasar Hausa da zai ce bai san gayya ba. Mai gona ya sanar da maƙwabta tun da sauran kwanaki, ranar da aka ajiye kowa ya fito da fartanyarsa, a dama fura, a tuƙa tuwo, kafin rana ta faɗi an gama aikin da da mutum ɗaya ne sai ya kwana da yawa a kansa. Abin da ya riƙe gayya shi ne kowa ya san gonar wanda ake nomawa, kuma ya san gobe za a zo tasa. To, a yau gayya ta hau intanet. Akwai dandali iri-iri da ake kiran dubban mutane, daga ƙasashe daban-daban, kowa ya kawo ɗan abin da yake da shi na ilimi, ko labari, ko aiki, ko kuɗi, a haɗa ya zama abu babba.

Wani ɗan jaridar Amurka mai suna Jeff Howe ne ya laƙaba wa wannan tsari sunansa na Turanci a mujallar Wired a shekarar 2006, amma tsarin ya girmi kwamfuta. Tun a 1879 James Murray, editan babban ƙamus na Oxford, ya roƙi masu karatu su riƙa aiko masa da kalmomi da misalan amfaninsu a kan 'yan takardu, kuma da wannan taimakon aka kammala ƙamus ɗin a 1928. Abin da intanet ta ƙara shi ne sauri da yawan hannuwa.

Muna ganin mutanenmu sun kasu biyu a kan wannan al'amari. Wasu duk abin da aka ce musu taimakon jama'a ne sai su afka ba tambaya, wasu kuma sun ɗauke shi gaba ɗaya a matsayin tarko. Ra'ayinmu shi ne duka ɓangarorin sun yi gaggawa. Suna ɗaya ne ya haɗa waɗannan dandali, amma halinsu ba ɗaya ba ne, kuma wajibi ne mai hankali ya auna kowanne da tambayoyi uku: wa ya mallaki amfanin da aka girbe? Wa ke tantance gaskiyar abin da aka kawo? Kuma wa ake biya, nawa ake biyansa?

Nau'i na farko shi ne dandalin tara ilimi. Mafi shahara a nan ita ce Wikipedia, wadda Jimmy Wales da Larry Sanger suka buɗe a ranar 15 ga Janairun 2001, take kuma da sassa a harsuna sama da 300, har da Hausa. Masu rubuta ta 'yan sa-kai ne, babu talla a cikinta, kuma kowa na da damar kwafar abin da ke ciki ya yi amfani da shi. Haka nan OpenStreetMap, taswirar duniya da Steve Coast ya fara a Ingila a 2004. Lokacin da girgizar ƙasa ta rushe birnin Port-au-Prince na ƙasar Haiti a Janairun 2010, ɗaruruwan 'yan sa-kai sun zauna a gidajensu suna duba hotunan tauraron ɗan Adam, suna zana hanyoyi da sansanonin waɗanda suka rasa matsuguni, masu aikin ceto suka riƙa bin wannan taswira. An maimaita irin wannan a lokacin annobar Ebola a Gini da Laberiya da Saliyo a 2014. A fagen kimiyya kuma akwai Zooniverse, wadda ta samo asali daga wani shiri na 2007 inda talakawa suka taya masana rarrabe hotunan gungun taurari. Wannan nau'i shi ya fi kusa da gayyar da muka sani, domin rumbun na kowa ne.

Nau'i na biyu shi ne dandalin tara shaida. Bayan zaɓen Kenya na Disamban 2007 rikici ya ɓarke, mutane fiye da 1,000 suka rasa rayukansu. A farkon 2008 wasu matasa, cikinsu har da lauya Ory Okolloh da Juliana Rotich, suka ƙirƙiro Ushahidi, kalmar Swahili mai nufin shaida. Duk wanda ya ga an ƙona gida ko an kai hari sai ya aika saƙon waya, a sanya wurin a kan taswira, duniya ta gani. Daga baya an yi amfani da wannan manhaja wajen sa ido a zaɓuɓɓuka da bala'o'i a ƙasashe da dama. Sai dai a nan ne tambaya ta biyu take da nauyi. A Afrilun 2013, bayan harin bam a gasar gudu ta birnin Boston, jama'a a dandalin Reddit suka shiga binciken hotuna da kansu, suka ɗora laifi a kan wani ɗalibi da iyayensa ke cigiyarsa, alhali ba shi da hannu ko kaɗan. Kamfanin ya nemi gafara daga baya, amma an riga an azabtar da iyalin da ke cikin baƙin ciki. Yawan masu faɗar magana ba ya mayar da ita gaskiya, kuma addininmu ya riga ya hore mu da bincike kafin yaɗa labari.

Nau'i na uku shi ne wanda ya fi buƙatar a buɗe ido, domin ƙwadago ne aka sanya masa rigar gayya. A 2005 kamfanin Amazon ya buɗe dandalin Mechanical Turk, inda ake yanka babban aiki ƙanana-ƙanana a raba wa jama'a bisa jinga: wannan ya faɗi abin da ke cikin hoto, wancan ya rubuta abin da ya ji a faifai, a biya shi 'yan kwabbai. Sunan kansa abin lura ne. An samo shi daga wata na'ura da Wolfgang von Kempelen ya ƙera a 1770, mutum-mutumi cikin shigar Baturke da ake cewa yana buga darar Turawa da kansa, alhali mutum ne a ɓoye a cikin akwatin. Da hannun irin waɗannan ɓoyayyun ma'aikata aka tantance hotuna sama da miliyan 14 na rumbun ImageNet, wanda ya zama ɗaya daga cikin tubalan da aka gina ƙirƙirarriyar basira ta yau a kansu. Amma wani bincike da aka wallafa a 2018 ya nuna cewa matsakaicin abin da ma'aikaci ke samu a dandalin bai wuce kimanin dala 2 a sa'a ɗaya ba, ga shi kuma mai aikin na iya cewa bai gamsu ba ya hana kuɗin. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi! Akwai ma aikin da ake sa mutum ba tare da ya sani ba. Tsarin reCAPTCHA, wanda Google ya saya a 2009, a da yakan sa mai shiga shafi ya rubuta gurɓatattun haruffa don ya tabbatar shi ɗan Adam ne, kuma da wannan aka yi shekaru ana kwafe tsofaffin littattafai da jaridu. Ba mu ce aikin jinga haramun ne ba. Abin da muke cewa shi ne matashinmu ya lissafa kuɗin data da wutar da zai ƙona da sa'o'in da zai ɓata, ya san sharuɗɗan biya tun kafin ya fara, kada a ruɗe shi da cewa arziki na jiransa a waya.

Nau'i na huɗu shi ne dandalin karo-karon kuɗi. Kickstarter, da aka buɗe a 2009, na masu neman jari ne don fitar da littafi ko wata na'ura, kuma idan kuɗin bai kai adadin da aka nema ba, ba a cirar komai daga aljihun masu alkawari. GoFundMe, tun 2010, ya fi karkata ga masu neman kuɗin asibiti da waɗanda iftila'i ya faɗa wa. LaunchGood, da wasu Musulmi suka kafa a birnin Detroit a 2013, ya mayar da hankali ga ayyukan al'ummar Musulmi. Kiva kuwa, tun 2005, rance ake tarawa, daga dala 25, a bai wa masu ƙananan sana'o'i. A nan akwai abin da ya kamata Musulmi ya sani: wanda ya zuba kuɗinsa ba ya karɓar ruwa, amma yawancin cibiyoyin da ke miƙa rancen ga talaka suna ɗora masa ruwa. Saboda haka a tambayi malamai kafin a shiga, haka ma duk wani karo-karo da aka yi alkawarin riba a cikinsa. A Nijeriya, hukumar kula da hada-hadar hannayen jari ta fitar da ƙa'idoji a 2021 da suka wajabta wa dandalin tara jari yin rajista, kuma ya kamata a nemi ganin wannan rajista. Sannan ga 'yan damfara. A 2017 wasu mutum biyu a jihar New Jersey suka yaɗa cewa wani mara matsuguni ya sadaukar da dala 20 da ta rage masa ya saya wa ɗayansu mai, aka tara kimanin dala 400,000 daga mutane wajen 14,000, sai a 2018 ta bayyana cewa su ukun ne suka shirya labarin. Idan haka ta faru a inda ake da kotu mai bibiya, ina ga lambar asusun da ake yawo da ita a waya tare da hoton mara lafiyar da ba wanda ya san unguwarsu?

Wani ɗan uwa zai ce, tun da haɗarin ya kai haka, me zai hana mu ƙaurace gaba ɗaya? Amsarmu ita ce ƙauracewarmu ba za ta hana a noma gonar ba, sai dai wani ya noma ta yadda ya ga dama. Misali ya isa. A Agustan 2020 aka gano cewa wani matashi Ba'amurke, wanda bai iya harshen Scots na ƙasar Scotland ba, shi ne ya rubuta maƙalu fiye da 20,000 a sashen Wikipedia na wannan harshe. Ba da mugun nufi ya yi ba, amma Turanci yake rubutawa yana karkata haruffa, aka shafe shekaru ba a lura ba domin masu harshen ba sa wurin. Mu duba namu. Sashen Turanci ya haura maƙalu miliyan 7 a 2025, na Hausa kuwa dubun-dubata ne, kuma a cikinsu muna cin karo da fassarar na'ura da aka zuba ba gyara. Daga irin waɗannan shafuka na'urorin fassara da na amsa tambaya suke koyon harshe, daga wurinsu kuma 'ya'yanmu za su riƙa ɗauka. Idan tarihin malamanmu da garuruwanmu ya shiga da kuskure, da kuskuren zai fito ya yaɗu. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Saboda haka muna kira ga malaman makarantunmu da ɗalibai, maza da mata, su ware lokaci ko da sa'a ɗaya ce a mako su gyara maƙala ɗaya ta Hausa, su kawo hujja daga littafi, su bar abin da ba su da ilimi a kansa. Wanda ya san garinsu ya sanya rijiyoyi da asibitoci da makarantu a taswira. Mai kyakkyawan lafazi ya ba da muryarsa a Common Voice, shirin da gidauniyar Mozilla ta fara a 2017 wanda ke karɓar Hausa, yana sane da cewa abin da ya bayar kowa na iya ɗauka, har da kamfanoni. Muna kira ga kwamitocin masallatai da ƙungiyoyi masu neman gudummawa ta intanet su bayyana sunayen masu riƙe da asusu, su buga abin da ya shigo da abin da ya fita, domin dukiyar jama'a amana ce da za a yi tambaya a kanta. Masu hali daga cikinmu da ke ba da aiki ta waɗannan hanyoyi kuma su sani cewa nisan ma'aikaci da rashin ganin fuskarsa ba su sauke hakkinsa daga wuyansu ba.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma kafin mu sa hannu mu tambaya ɗakin wa za a rufa. Allah Ya nuna mana gaskiya Ya ba mu ikon binta, Ya tsare mu daga cin hakkin bayinsa, amin.